Na Tafi Abijan, Na Dawo Da Tsoho

Shekarun baya, zamanin ostariti, lokacin da sabulu da madara sai mutum ya bi layi kuma ya san wani, na yanke shawarar Gwarzo ta ishe ni, Abijan zan tafi. Akwai wani dillalin raguna a can, abokin yayana ne. Ya aiko cewa in na iso kafin babbar sallah zai sa ni cikin yaransa a kasuwar dabbobi, daga nan in na iya zama in zauna. Sharaɗinsa ke nan, kafin sallah, don bayan sallah babu mai neman ƙarin hannu.

Ni kuma ban iya riƙe magana ba. Babu shagon tela, babu teburin mai shayi a garin nan da ban zauna na yi wa mutane bayanin teku ba, ni da babban ruwan da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari. Na bi gida gida na yi sallama. Na bar wa ƙanena kekena. Na ce wa mahaifiyata kada ta sa ido a hanya, sai bayan shekaru. Ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da tankaɗenta.

Abokina, mutumin Durun, ya ce zai bi ni. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da baki. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji tarihin wanda ya sayar masa da agogon.

Muka bi ta Katsina, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, daga wannan mota zuwa waccan, har muka sauka Bobo. Daga Bobo jirgin ƙasa ne zai gangara da mu Abijan. Kamar kowane matafiyi, muka tambayi unguwar Hausawa, aka kai mu gidan wani dattijo mai saukar baƙi. Tsohon fataken goro ne, gemu fari fat, gwiwa ɗaya ta ƙi, ido ma ya fara rauni. Matarsa 'yar can ce, 'ya'yansa duk sun fi jin Julanci, yaren can, da Hausa.

Bayan an gaisa ya tambaye mu daga ina. Na ce Kano. Da an tsaya a nan da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai abokina ya gyara zama ya ce ai shi ɗan Durun ne, ta wajen Kabo.

Tsohon nan yana riƙe da buta. Ya ajiye ta a hankali, ya ce a sake faɗa masa. Ashe a Durun aka haife shi. Ya fito tun yana saurayi da ayarin goro, yau zai koma, gobe zai koma, har gemu ya yi fari. Ya tambayi abokina ɗan gidan wa ne, ya san su. Ya juyo kaina, na faɗi sunan kakana, ya ce ai sun sha cin kasuwar Gwarzo tare. Daga ranar muka koma 'ya'yansa, shi kuma Baba.

To, ga inda matsalar take. Kun san mutum ba ya sauka gidan dattijo, ya ci tuwonsa, sannan ya ɗauki jaka ya fice haka kawai. Sai ka nemi ya sallame ka, ya sa maka albarka. Kullum da safe in durƙusa in ce Baba, muna so mu kama hanya. Kullum da abin da zai ce. Yau Inna, wato matarsa, ta riga ta jiƙa gero dominmu. Gobe an yi rasuwa a unguwa, bai kamata baƙinsa su tafi ba a yi addu'ar uku ba. Jibi ya yanka zakara. Wata rana cewa ya yi jirgin ranar ya cika yawan lalacewa, shi da rabonsa da shiga jirgi tun ina goye.

Da la'asar kuma sai a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, Baba ya fara tambayar mutanen Durun daga ƙofar gari, gida gida. Wane yana nan? Ya rasu. Ƙaninsa fa? Shi ma. Rijiyar bakin masallaci? An cike ta. Abokina kuwa ya samu abin da yake so a duniya, wanda zai saurare shi ba ya gajiya. In aka zo gidan da ba shi da labarinsa sai ya ce bari ya tuna zuwa gobe. Ina zaune ina mintsininsa a ɓoye, yana ture hannuna. Na ja shi gefe na ce, malam, raguna ba za su jira ka gama ƙidayar mutanen Durun ba. Ya ce in ji tsoron Allah, saura unguwa ɗaya.

Ran wata Juma'a, bayan an sauko, dattawan unguwa suna zaune a ƙofar gidan sarkin zango, Baba ya sa aka kira mu. Na ce alhamdulillahi, yau za a sallame mu a gaban jama'a. Har na saka rigata mai kyau.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce, "Jama'a, na daɗe ina roƙon Allah kada in mutu ban ga inda aka binne iyayena ba. Ga shi ya aiko min 'ya'ya har biyu. Su za su kai ni gida."

Kafin in buɗe baki liman ya ɗaga hannu. Aka yi addu'a, aka shafa, tsofaffi suna ta miƙo min hannu suna cewa Allah ya yi min albarka, irinmu sun yi ƙaranci a wannan zamani. Abokina har da hawaye. Ni kuwa murmushin dole nake.

Kada ku ɗauka ban yi yunƙuri ba. Na ce wa abokina shi ne ɗan Durun, shi ya kai shi. Ya ce shi kaɗai ba zai iya da tsoho da kaya ba, kuma gaskiya ne, mutumin da ya ɓata a tashar Yamai yana neman bayan gida. Washegari na ɗauki jakata na tafi tashar jirgi ni kaɗai. Jirgin yana tsaye, mata suna ta cusa kwanduna ta taga. Na tsaya ina kallonsa, ina tuna yadda labari zai riga ni isa Gwarzo, cewa jikan wane ya ci tuwon abokin kakansa ya gudu bayan an shafa fatiha. Mahaifiyata ba za ta yi faɗa ba, shiru kawai za ta yi, kuma na san wannan shirun. Jirgi ya yi kuka ya tafi. Na koma gida, na tarar Baba yana tambaya ko na je duba mana mota ne.

Tafiyar komawa kuwa, Allah kaɗai ya san abin da na gani. Baba ya haɗa huhun goro, da turamen atamfa, da akwatin ƙarfe, tsarabar mutanen da abokina ya riga ya gaya masa sun rasu. Ya ce ai sun bar 'ya'ya. Duk shingen da aka tsayar da mu sai ya sauko ya gaisa da jandarma, ɗan sandan can, ya tambayi lafiyar iyalinsa, direba yana ta danna ham. Duk garin da muka ratsa yana da wani tsohon abokin fatauci da bai kamata a wuce ba a leƙa ba. In an je a tarar mutumin ya rasu, to sai a zauna ta'aziyya. Ni ne mai goya shi a hau mota, ni ne mai sauke shi, ni ne mai neman ruwan alwala. Abokina aikinsa hira. Babbar sallar da zan yi a Abijan ina lissafin raguna, a wani ƙauye kusa da Dosso muka yi ta, a gidan mutanen da ban sani ba, ina fifita wa Baba nama.

Kuma duk wanda ya san hanya ya san daga Katsina in za ka Kabo ta Dayi, dole ka ratsa Gwarzo. Na roƙi direba kada ya tsaya. Ya tsaya, a tsakiyar tasha, daidai teburin mai shayin da na fi yi wa wa'azin teku. Na sunkuyar da kai, amma Baba ya leƙa ta taga yana tambayar mutane ina tsohuwar kasuwa. Mai shayi ya hango ni. Ya taso a hankali, yana goge hannu, ya ce sannu da zuwa, ashe tekun ya ƙafe ne? Wani ya ce a'a, tsarabar Abijan ce na kawo, ga ta nan da gemu. Tun daga ranar sunana ya koma Na-Abijan, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Mahaifiyata da ta gan ni ba ta nuna mamaki ba. Ta ji labari, ta ce na kyauta. Ƙanena ne kawai ya ɓata rai, yana zaton keken zan karɓe.

A Durun an karɓi Baba da mutunci. 'Ya'yan ƙaninsa suka share masa ɗaki, dagaci ya zo da kansa, aka yi ta zuwa gaisuwa daga ƙauyuka. Aka kai shi maƙabarta, wani tsoho ya nuna masa wajen da yake zaton nan ne iyayensa suke. Ya daɗe a tsaye. Ranar kam ban ji haushin kowa ba.

Na koma Gwarzo na kama noma da yayana, tunda damina ta faɗi. Ina jin labarin Baba jefi jefi. Wai tuwon dawa yana kwana masa a ciki. Wai da safe yana neman dogon burodi da kofi mai madara, a shekarar da ko mai kuɗi bai ga madara ba. Wai yara suna ce masa Baban Faransa, in ya fusata ya yi musu faɗa da Julanci su fashe da dariya. Sa'o'insa da suka rage ba su kai a kirga ba, ɗaya ba ya ji, ɗaya bai tuna shi ba sam.

Ana cikin yankan gero ya aiko a kira ni. Na ari kekena a wajen ƙanena na tafi. Na same shi zaune a kan akwatin ƙarfen nan, an ɗaure shi da igiya tsaf. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, yana ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuma idona yana kan akwatin.

Ya ce, "Ɗana, na ga gida, na gode wa Allah, na gode maka. Yanzu sai ka mai da ni wajen iyalina."

Na ce, "Baba, ai da na ɗauka zuwan ke nan."

Ya ce, "Ni ma haka na ɗauka."

Na nemi abokina. Ashe an sa masa rana, yana ta ginin ɗaki, ya ce ko Kabo ba zai iya zuwa ba yanzu. Na kai ƙara wajen mahaifiyata, ina zaton za ta ce ya isa haka. Ta ce ni na ɗauko bawan Allah daga cikin iyalinsa, wa nake so ya mayar? Na ce Inna, shi fa ya ɗauko ni. Ta ce in tafi in shirya.

Wannan karon ban sallami kowa ba. Amma a tasha mai shayi ya gan mu, ya tambaya ko tsarabar ce ba ta yi ba zan mayar a canza min.

Haka muka sake bin hanyar nan, shinge shinge, jandarma jandarma. Da muka isa Bobo, matarsa ta fito ta dube shi ta ce ya rame, jikoki suka rufe shi, ya zauna a gindin mangwaronsa ya yi ajiyar zuciya irin wadda ban ji ya yi a Durun ba. Na shirya zama, na ce ko wata nawa zai riƙe ni sai yadda ta yiwu. Sai ga shi washegari da sassafe shi ya tashe ni. Ya sa aka ɗora shi a bayan babur har tashar jirgi, ya sa min albarka, ya ce in je in ga tekun, amma in riƙa leƙa gida tun ana gane ni.

Na isa Abijan. Dillalin raguna ya dube ni ya ce wace sallar nake nufi. Gurbina an daɗe da ba wani. Dako na yi a kasuwa kafin in samu abin yi, daga nan kuma ƙafa ta buɗe, na ga ƙasashe da dama. Baba ya yi tsawon rai. Zuwana na ƙarshe wajensa, lokacin ana ta maganar ƙaddamar da Shari'a a Kano, ya sa na zauna na ba shi labari tun daga farko, sannan ya tambaye ni ko an gyara hanyar Durun. Na ce ba a gyara ba, kuma ba za a gyara ba, ya ma cire rai. A Bobo aka binne shi.

Har yau in na tuna ina jin haushin, ba zan ɓoye muku ba, kusan shekara guda ta tafi a kai tsoho da dawo da tsoho. Amma maganarsa ta tasha na riƙe ta, duk inda nake ba na bari a daɗe ba a gan ni a Gwarzo ba. Abin da na ƙara da shi nawa ne na kaina. In na sauka baƙuwar ƙasa, dattijo ya tambaye ni daga ina, Kano nake cewa. In ya ce Kano ta wane gefe, sai in ce masa bari in je in yanki tikiti tukuna, in na dawo ma yi maganar.