Tsufar da Katako a Al Warsan

Shekarar da Yaya ya ƙudurta rushe zauren gidanmu na Kano, ni ina Dubai ina koya wa sabon katako tsufa. Kamfanin da nake wa zanen gini ya samu kwangilar mashaya a wani otal, mai otal ɗin kuma ya ce lallai sai ta fito kamar wata tsohuwar mashayar Ingila, irin waɗanda hukuma ta hana a zare musu ko ƙusa. Aka ba ni hotuna: rufi ƙasa-ƙasa, baƙaƙen gumaguman katako a karkace, ƙananan tagogi, har da murhun jan bulo na jin ɗumi, a garin da ruwan famfo ma ƙona hannu yake yi. Aikin bai kwanta mini ba tun farko, amma bizata a hannunsu take, na haɗiye.

A wani sito a unguwar Al Warsan muke shirya kayan. Kafintoci su yi ta jibgar katako da sarƙa, su huhhuda shi wai gara ce ta ci, ni kuma in tsaya in ce a ƙara. Abin ya yi ta cina a rai. Zauren da kakanmu ya gina da tubali da azara, bakan gizonsa na ɗauke da rufin ba ƙarfe ko ɗaya, tsufansa na gaske ne, amma ba hukumar da ta san da zamansa. A ƙarƙashinsa na fara sha'awar gini.

Wata Juma'a bayan an sauko, na kira Yaya a waya daga unguwar Al Sabkha.

"Yaya, don Allah a dakata in zo hutu. A nan kuɗi ake zubarwa a ƙirƙiri irin abin da za ku rushe."

"To turo su su ɗauka mana," in ji shi. "Kai kana can kana shan sanyi, mu ke jera robobi muna tarbar yoyo duk damina. Shaguna za mu fitar, khalas, kamar yadda kuke cewa, magana ta ƙare."

Na nemi hutu, manajan kamfaninmu ya ce sai an miƙa aiki tukuna. Na roƙi Yaya ko azarar ce a ajiye mini, ya ce to, irin wadda ake ce wa yaro don ya yi shiru. Dama an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ranar da Yaya ya turo mini hoton inda zauren yake a dā, fili fetal da tulin jar ƙasa, ina kan tsani a otal ɗin ina nuna wa mai fenti inda zai zana tsagewar bango. Manaja ya tsaya a ƙasa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tsagewar ba ta yi kama da ta gaske ba, ko ban taɓa ganin tsohon gini ba ne?

Na ce masa na taɓa gani.