Ranar da Katikis Baƙo Ya Ba Ruwa Gonarsa

Kafin rana ta ɗaga, Malam Baƙo yakan ɗauki guntun ƙarfe ya doki tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a jikin bishiya. Ƙararrawar cocin Tudun Kanya ke nan, ɗan ƙauyen manoman shinkafa da masunta a bakin wani reshe na kogin Haɗejiya. Wasu su taso, wasu su gyara kwanciya. Ko mutum huɗu ne suka zo, sai ya ja addu'ar safe har ƙarshe, sannan ya kawo labarin waliyyin da Ikilisiyar Katolika take tunawa da shi a ranar. Ba ya yi kamar mai karanta labarai a rediyo. Yakan rufe littafin ya faɗa da bakinsa, ka ce wani ne da suka yi hira jiya a kasuwar Malam Madori. In ya gama sai ya ce, "To, nasa ke nan. Saura namu." Daga nan ya saɓi fartanya ya nufi fadama.

Fada, limamin cocin, yana zuwa daga Haɗejiya ya yi babbar ibadar Misa in hanya ta yarda, kuma da damina ba ta cika yarda ba. Sauran aikin duk na katikis ne, wato Malam Baƙo: koya wa yara addini, shirya masu baftisma, zama da mara lafiya, binne mamaci, sasanta miji da mata. Ya haura shekara talatin yana wannan. Bana gwiwoyinsa sun gaza, zai sauka.

Abin da ya fi jawo masa tsegumi shi ne sunan baftisma. Al'adarmu ce mai shiga baftisma ya ɗauki sunan wani waliyyi, kuma yawancinmu da kunne muke zaɓa. Wata mata ta taɓa zuwa da jaririyarta ta ce tana son Anastasiya.

"Me ta yi?" in ji Malam.

"Wa?"

"Mai sunan."

"Haba Baba Katikis, ni na san ta ne? Sunan dai ya cika baki."

"Tuwo ma yana cika baki. Je ki dawo, in ba ki labarinta, in kin ji za ki iya goya wa yarinya wannan kaya sai mu rubuta."

A bakinsa yaran ƙauyen suka san Monika, wadda ta shekara da shekaru tana yi wa ɗanta addu'a da hawaye har ya shiryu. A bakinsa suka san Bakita ta ƙasar Sudan, wadda aka sace tana ƙarama aka sayar, ta girma ba ta riƙe masu sayar da ita a zuci ba. Kullum yana nanata abu ɗaya: waɗannan mutane sun ji yunwa, sun yi fushi, wasunsu sun fi mu taurin kai. Ba daga sama suka faɗo da haske a ka ba.

A nan ne ya kamata mu ji kunya. Mun iya sayen zane mai hoton waliyyi. Mun iya anko, mun iya kalanda, mun iya dafa shinkafar idi har ta yi saura. Ka tambayi mai sanye da zanen abu ɗaya da mai hoton ya aikata, sai ya hau sosa ƙeya. Mun mayar da waliyyai ado, don ado ba ya tambayar kowa komai. Wanda bai yarda ba, ga abin da ya faru a shekarar babban ruwa, kuma waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Reshen kogin nan yana bi ne tsakanin jinga biyu, wato tudun ƙasar da ake tarawa don tare ruwa. Ta wannan gefen tana kare gonakin shinkafar Tudun Kanya. Ta ƙetare tana kare ƙauyen Bulama Kolo, Musulmi ne, asalinsu daga wajen tafkin Cadi, gidajensu na ƙasa, kuma a kwari suke. A shekarar, ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa daga ƙasa, ruwa kuma yana ta zuwa daga sama. Ya cika har yana lasar bakin jingogin biyu. Babu yaron da bai san lissafin ba: duk jingar da ta fara fashewa, ɗayar ta tsira.

Shinkafa ta riga ta yi ciki. Cikin masu gona akwai Auta, wanda sunansa na baftisma Martin. Gonar farko ce da ya noma da sunan kansa, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Ran wata Juma'a da hantsi ya tara samari biyar da fartanyoyi. Sun san da azahar mazan ƙauyen Bulama za su tafi masallacin Juma'a a babban gari, a bar mata da yara da tsofaffi. Shirin shi ne su ƙetara su sare jingar can, su dawo, a ce ruwa ne ya yi.

Laraba, matar Malam, ita ta ji a bakin rijiya, ta kai masa labari. Da samarin suka iso gaɓa, sai suka tarar da Malam zaune a tsakiyar kwalekwalen da za su ƙetara da shi, ya miƙe ƙafa.

"Baba Katikis, sauka," in ji Auta.

"Ina za mu?"

"Ba da kai za a je ba. Wannan ba maganar coci ba ce."

"To maganar ina ce, Martin?"

"Kar ka Martin ɗin nan da ni yau, Baba. Auta nake."

Malam ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk shi ya koya musu alamar gicciye, wasu har ya share musu majina. Ya ga tsoro ne a idonsu, ba mugunta ba, kuma ya san tsoron gaskiya ne, don tasa gonar ma tana bayan jinga ɗaya da tasu.

"Tuna mini," ya ce. "Mai sunanka me ya yi?"

Auta ya yi tsaki. "Soja ne. Ya ga wani matalauci yana rawar ɗari a ƙofar gari, ya zare takobi ya raba mayafinsa biyu ya ba shi rabi. Na haddace, Baba. Amma shi sojan gwamnati ne, abincinsa na jiransa a bariki. Ni in ruwa ya ci gonar nan, labari zan dafa wa mai jego?"

Samarin suka yi dariya. Malam ma ya yi.

"Ka yi gaskiya. Tambaya ɗaya ta rage. Mayafin wa ya yanka? Nasa, ko na maƙwabcinsa?"

Wani ya sunkuya yana gyara ƙotar fartanyar da ba ta lalace ba.

Malam bai tsaya wa'azi ba, don ruwa ba ya jira. Ya ce gonarsa ce ta ƙarshe a gindin jinga, kuma bayanta akwai kwarin da ke gangarawa tsohon tafki. In aka buɗe wa ruwa ta nan, zai bi ta kan shinkafarsa ya wuce, sauran fadamar ta tsira, ƙauyen Bulama ma ya tsira. Bai ɓoye musu komai ba: gonaki biyu da ke maƙwabtaka da tasa za su taɓu, ta wani dattijo Yunusa, da kusan rabin ta Auta.

"Tawa na bayar," ya ce. "Taku ba tawa ba ce. In ba ku yarda ba, ba zan sara ba. Amma daga cikin jirgin nan sai dai ku ɗauke ni ku jefa."

Aka kira Yunusa. Ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce shi ya taɓa kwana a kan rufin ɗaki da yara a wata ambaliya, ba zai so wa kowa ba, a sara. Su duka, har da Auta, suka bi Malam zuwa gindin jingar. Malam ya ɗaga fartanya ya kai sara, ya sake kaiwa, ƙasar ko gezau. Can sai Auta ya fizge fartanyar.

"Matsa, Baba. In za a kashe ni, a kashe ni da kyau, ba da saran tsofaffi ba."

Shi ya fasa jingar, yana sara yana zage-zage, hawaye na zuba. Kafin masu Juma'a su dawo, ruwan ya fara ja da baya daga bakin gidajensu.

Kada kowa ya ƙara wa labarin nan gishiri. Ba a yi wata mu'ujiza ba. Shinkafar Malam ta tafi duka, ko ƙwayar iri bai tsira da ita ba. A gidansa an ci bado a shekarar, abin da ake tsinkowa a tafki sai yunwa ta kai yunwa. Laraba ta faɗa masa a gaban mutane cewa waliyyan nan nasa yawancinsu ba su da mata, shi ya sa suke abin da suka ga dama. Ya ce akwai masu mata, ta ce to Allah ya ba matan haƙuri. Auta ya ɗauke ƙafa daga coci har bayan girbi, in sun haɗu a hanya gaisuwa ce a taƙaice. Wasu manyan coci, waɗanda ranar ko gaɓar ba su leƙa ba, suka ce katikis ya cika shisshigi. A ƙauyen Bulama kuwa ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Bulama Kolo bai san yadda aka yi ba sai daga baya. Ya ƙetaro da kansa, ya zauna a tabarmar Malam, aka gaisa aka sake gaisawa. Sannan ya ce, "Malam Baƙo, na ji wanda ya fasa, na kuma ji inda aka so a fasa. Na biyun na bar shi a cikin ruwa. Da mu ne a wannan gefen, wallahi ban san me za mu yi ba." Da rani ya yanka wa Auta da Yunusa da Malam fili a fadamarsu, suka yi noman rani da injin ban ruwan mutanensa. Bai mayar da abin da aka rasa ba, amma ya kai su damina.

Malam Baƙo, kai ne ka zauna a jirgin nan alhali kana da abin rasawa kamar kowa. Kai ne ka nuna mana cewa labarin waliyyi ba tatsuniya ba ce da ake rufewa a tashi. Baƙo na Laraba, mai fara yanka daga nasa. Ka hana 'ya'yanmu zama masu abin da ba za su iya faɗa wa 'ya'yansu ba, ka kuma hana wata wuta tashi tsakaninmu da maƙwabtanmu wadda har yau da ba ta mutu ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon gwiwa, ya saka wa Laraba da ta ci badon tare da kai.

Yanzu an kafa kwamitin bikin sallamarsa. An yi zama, an sake zama, ana gardama a kan launin anko da wanda zai zauna a babban tebur. Wurin da aka fasa kuwa cikon gaggawa aka yi masa, kowace damina sai ya tsattsafo, kacala kuma ta sake cika hanyar ruwan. Wannan ne a gabanmu. Duk mai ɗauke da sunan waliyyi, ya je ya binciki abin da mai sunan ya yi, ya nemi inda zai yi irinsa a unguwarsu. Mu na nan ba sai mun yi nisa ba.

Da 'yan kwamitin suka je tambayarsa kyautar da yake so, agogon bango ko babbar riga, sun tarar da Auta a gidan yana wasa fartanya. Malam ya ce a kawo masa buhunan da ba komai a ciki, duk yawan da aka samu, da mutanen da za su cika su da ƙasa a toshe inda jingar ke tsattsafowa. Bulama ya riga ya ce mutanensa za su zo da lauje don kacalar.

"Ranar Asabar ce, da sassafe," in ji Auta, bai ko ɗago kai ba. "Mai zuwa da anko ya taho da na canzawa. Akwai laka."