Rabon Masu Hanya

Shekara talatin da takwas Dona Nilzete ta yi tana suyar ƙosai a bakin tashar motar unguwar Liberdade, a Salvador. Akaraje dai, wanda ake soyawa da manja, a tsaga shi a cusa jatan lande da yaji. Kullum tana cikin farar rigarta mai faɗi da ɗankwali, riƙe da cokalin katakon da ta gada wajen uwarta. A sana'ar nan ba a ƙwace cokali. Uwa ce ke miƙa wa 'yarta da hannunta, ranar da ta ga dama.

Sai ido ya fara yi mata wulaƙanci. Ba duhu ba ne, da ma duhun ne, da an huta da dogon bayani. Tsakiyar ganinta ce ta tafi, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan duk abin da ta kalla. Gefe-gefe kuwa tana gani. In za ta dube ka sai ta karkata kai ta kalle ka ta wutsiyar ido, har wasu suka riƙa cewa tsohuwar ta koyi harara. Likita ya gwada ta da manyan baƙaƙe a bango, ta kasa karanta ko na sama, ya sa hannu a takarda: makauniya ce a hukumance.

Takardar nan ta hana ta sakat. In ta nuna ta a mota don a ɗage mata kuɗin mota, kwandasta ya ce, "Makauniyar da ta hango mota tun daga kwana? Kai, Dona!" In ta dawo gida kuma, 'yarta Jucélia ta ɗauke wuƙa daga gabanta kamar wata yarinya. A waje ganinta ya yi yawa, a gida ya yi kaɗan. Abin yana ci mata rai ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

"Takardar ce ta makance," in ji ta. "Ni kunnena ƙalau."

Da kunnen kuwa take suya. Manja in ya yi zafi yana da murya, kuma in ƙarar ta sauka ta san lokacin juyawa ya yi.

Ran wata Alhamis mai ya fallatso mata a wuyan hannu. Ta ɗaure da tsumma ta yi shiru, amma Jucélia ta gani. Ranar Asabar da ta farka daga barcin rana sai ta iske ba kasko, ba ƙullu, ba cokali. Jucélia ta kwashe komai ta tafi tasha ta hau suya a madadinta.

Dona Nilzete ba ta yi kuka ba. Ta sa farar rigarta, ta hau mota ita kaɗai, ta je ta shiga layi kamar kowane mai saye.

Seu Adenilson mai sayar da kwakwa a gefen rumfar suyar ya hango ta. "A'a, uwar ɗakina! An yi miki ritaya ke nan?"

"Ritaya a gidanku, Adenilson. Yi min shiru ina sauraro."

Da layi ya zo kanta ta miƙa hannu. Jucélia ta ɗago ta gan ta, ta ba ta guda. Tsohuwar ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ɗaga murya yadda har direbobi za su ji.

"Wa ya buga ƙullun nan? Dutse ne wannan ko ƙosai? Kuma man ya wuce zafi, tun daga bakin titi nake jin yana kuka."

Mutane suka fashe da dariya. Jucélia ba ta yi ba.

"Mama, sai kin ƙone kurmus hankalinki zai kwanta? Likita fa ya rubuta!"

"Likitan ya taɓa soya ƙosai? Kakarki idonta biyu garau, hannunta tabo ne har gwiwa. Ranar da zan ba ki cokalin nan, Jucélia, ni zan miƙa miki, ba takarda ba. Tashi min."

Jucélia ta tashi tana share ido. Dona Nilzete ta zauna, ta rage wuta, ta rungumi tukunya ta buga ƙullun har ya tashi. Sannan ta ɗebo cokali guda ta saki.

Sai ya faɗi ƙasa, tim, a gefen kasko. Garin sauri Jucélia ta kafa murhun ba a inda uwar ta saba ba.

Dona Nilzete ta ji ba ƙarar mai, ta san abin da ya faru. Jucélia ta kai hannu za ta gyara murhun.

"Kar ki taɓa."

Ta sake ɗebowa ta saki a ƙasa da gangan. Ta ƙara na uku.

"Uku ke nan," ta ce. "Rabon masu hanya. Ke da kika fara suya yau, na san ba ki ba su ba."

Duk mai suya a garin takan jefa ƙananan ƙosai uku a titi kafin ta fara sayarwa, sadaka ga iskokin hanya, kuma kowa a layin ya san soyayyu ake jefawa, ba ɗanyen ƙullu ba. Seu Adenilson ma ya sani, amma ya dubi cokalin a hannunta, ya koma saran kwakwarsa.

Ta miƙa tafin hannunta sama da wutar, tana bin zafin a hankali har ta gano tsakiyar kaskon. Ta ɗebo na huɗu. Manja ya amsa da ƙara.

"Wa ke biye?" in ji ta. "Da yaji ko babu?"