Sista Magdalina da Surukan Ɗanmusa

Ƙwaryar fura, akushin tuwon dawa, kwalbar man shanu, kaji biyu a ɗaure. Da su mutanen Barkiya suka hau akori-kura zuwa asibitin Dutsin-Ma duba Malam Ɗanmusa, dattijon da aka yi wa aikin hanji. A bakin ɗakin maza Sista Magdalina ta tare su.

"Ku ku shiga. Akushi ya jira."

Haka take yi tun zuwanta daga kudancin Zariya har wannan wata da take ajiye aiki. Kowace safiya takan bi gado-gado tana ɗora abin saurare a cikin waɗanda aka yi wa aiki. Hanji yakan yi barci bayan wuƙa. In aka tura masa abinci bai farka ba, sai kumburi da amai, wani lokaci ɗinki ya ɓalle. Alamar farkawarsa kuwa ita ce mutum ya saki iska. Ita ke riƙe majinyaci ya duƙa a yi masa allurar baya, wadda ke kashe zafin yanka ba tare da ta ƙara wa hanji nauyi ba, ita kuma ke tashe shi ya taka.

Hanjin Ɗanmusa ya farka, ta ji ƙuginsa da kunnenta. Amma cikin sai tasowa yake kamar ganga. Likita ya ce in aka wayi gari a haka, za a sake buɗe shi.

"Baba, iska ta fita?"

Ya juya wa bango fuska. "Ɗiyata, ba a koya maku kunya a garinku?"

"An koya, Baba. A gida nake barinta."

Ƙanwarsa Gwaggo ta ce, "Mi za ya fitar, mutum bai ci komi ba? Ba shi fura ki gani."

Magdalina ta dubi tabarma. Mazan 'ya'yansa uku ne zaune a gindin gado, kawuna a sunkuye, kowa ba ya so a ce shi ya fara tashi. Tsohon da ko ruwa ba ya sha a gabansu, riƙe iskar yake yi. Ya gwammace wuƙa ta biyu.

Ke ce kika gane, Magdalina, ba ki yi dariya ba, ba ki kuma faɗa wa kowa ba. Maƙwabcin gadonsa ne ya ba da labarin. Ba a sake buɗe Ɗanmusa ba, yana nan yana noman gero, har yau kuma rantsuwa yake shi bai ji komi ba. Mu abokan aikinki mun gode. Masu tasowa a aikin nan su koyi duba tabarma kamar yadda suke duba gado.

Ga yadda ta yi. Ta miƙa wa babban surukin kajin.

"Malam Mahmuda, waɗannan ba za su yanka kansu ba. Romo nake so gobe. Ku uku za ku."

"Sista, a bar tsoho shi kaɗai?"

"Ni ma fita zan yi."

Ta ƙure rediyon maƙwabcin, ta tasa Gwaggo a gaba, ta ja ƙofa ta rufe.

"Daga yau," in ji ta, "suruki ba ya zama a ɗakin nan sai mara lafiya ya sha kunu."