Tafsirin Kawu Idi Mai Aski

Kun dai san halin Kawu Idi mai aski na unguwar Nima. Sai ya ɗora maka aska a maƙogwaro, sannan ya nuna garu da haɓa ya ce, "Me ka gani can?" Wa zai yi gardama? Garun kuwa ya lulluɓe shi da bangon tsofaffin mujallun Turawa da ya tsinto a gwanjon kasuwar Makola: kumbuna, dodanni, mata sanye da kwalba a ka. Turanci ko "zo in kashe ka" bai sani ba, amma tafsiri yake musu. Dattawan masallaci sun daɗe suna cewa a yage su, shi kuwa ya ce sai dai bayan ransa.

Ni ɗan ƙanwarsa, ya taɓa nuna mini wani koren dodo riƙe da mace. Na ce, "Sace ta ya yi."

"Jahili! Dubi idonsa. Mijinta ne, ya ɗauko ta daga gidan biki, ya gaji."

Fuseini direban trotro, motar haya, kuma aka nuna masa kumbo yana tashi daga jan gari. Ya ce, "Chale, wannan jirgi ne paa."

Kawu ya ce, "Yaran Nima ne masu gudu Turai. Jan nan na ƙasa zuciyar uwayensu ce."

Ashe fasfo na aljihun Fuseini! Ya miƙe da rabin aski, ya fice yana salati.

Rannan sai ga Liman da kansa, fuska ba wasa. Kawu ya ce, "Zan cire. Amma zauna, gashin bakinka ya yi yawa." Innalillahi! Limamin unguwa fa! Abin mamaki, ya zauna. Kawu ya nuna masa wani mutum shi kaɗai a duniyar wata, yana hango duniya ƙarama kamar goro.

"Baƙo ne, Malam. Ya zo da niyyar shekara ɗaya. Ga gida yana gani, ba hanyar komawa."

Liman tun yana saurayi ya baro garinsu Tawa, kamar Kawu. Wallahi da idona na ga hawayensa ya gangaro cikin kumfar sabulu. Ba a ƙara maganar yagewa ba.

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, Liman ya ja ni gefe, ya roƙe ni in ba shi hoton baƙon nan guda.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Baƙuncin ya ƙare, Allah ya sa ka isa gida lafiya.