Goggo Tasalla da Kifin Teku

Goggo Tasalla ƙanwar babana ce. A gidan masunta suka tashi, a bakin gulbi kusa da Jega. Babana ya bar komar kamun kifi ta gidansu tun yana saurayi ya koma noman albasa, ita kuwa ta tsaya kan kifi. Tun ina yarinya na san ta da ganguna biyu da aka yanke aka ɗora musu ragar waya, da idanu jajaye saboda hayaƙi. Tana lanƙwasa tarwaɗa ta soke ta da tsinke, ta jera a kan raga, ta yi ta juyawa har ta yi baƙi ta bushe ƙamas. Bandarta takan yi wata da watanni a cikin kwando ba ta canza ba. Masu lodin albasa a Aliero sukan aiko a saya musu, direbobi su tafi da ita kudu.

Tana da wata ɗabi'a da ba ta taɓa bari ba. Duk bandar da ta sauke, sai ta fara ɓare ɗaya ta ci, ta ɗan zauna, kafin ta bar kowa ya taɓa. Haka uwarta ta koya mata.

Sai kifin gulbi ya fara raguwa. Injinan ban ruwa suka yi yawa a fadama, masunta na dawowa da ƙanana waɗanda ba su isa sukar tsinke ba. Goggo ta yi ta ƙorafi shekara da shekaru, daga baya ta haƙura ta sayi tsohuwar firiza, ta fara sarin kifin ƙanƙara a shagon wani Gabriel da ake kawo masa katan-katan daga Legas. Taitus ta fi saya, mai zanen baƙi a baya. Tana soyawa da yamma a ƙofar gida, ana saye sosai, amma ba ta taɓa girmama shi ba. Cewa take kifin da ya zo a kwali kamar sabulu ba kifi ba ne.

Da na gama jami'a, inda na karanci ilimin dabbobi, na dawo gida ina jiran aiki. Ba na son zama cikin taro, don haka nakan je wurinta in taya ta yanka kifi. Nan ne take sa ni magana.

"Raihanatu, wanga kihi, mi yaka ci can inda yake?"

Sai in gaya mata abin da na sani. Taitus kifin ruwan sanyi ne mai nisa, yana tafiya cikin garke mai yawan gaske, yana cin ƙananan halittu da 'ya'yan kifi. Ba shi da jakar iskar nan da Goggo take cirewa a cikin ƙarfasa, saboda haka ba ya iya tsayawa cak a ruwa, kullum cikin iyo yake. Shi ya sa namansa yake da duhu a gefe, mai kuma ya ratsa shi ko'ina.

"Bai tsayawa? To wa ka korar shi?"

"Haka Allah ya yi shi, Goggo."

"Marar natsuwa dai. Tarwaɗa kam sai ta kwana cikin daro ba ruwa, da sahe ta buge ki da wutsiya."

Tana son labarin manyan dabbobin teku masu shaƙar iska, masu shayar da 'ya'yansu nono, domin ta ce babansu ya taɓa ba su labarin ayu haka. Tsuntsayen da ke shan ruwan gishiri su fitar da gishirin ta hanci kuwa, ta ce ƙarya ce ta 'yan boko. Wanda ya fi shiga ranta shi ne kunkurun teku, da na ce macen takan yi tafiya mai nisa ta koma gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta, can za ta haƙa yashi ta yi ƙwai. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Ko dabba ta san haihuwa gida aka zuwa."

Na san inda maganar ta nufa. 'Yarta Rukayya tana aure a Maiyama, cikin fari ya tsufa, dangin mijin kuma sun ce ba za ta zo gida goyon ciki ba, wai asibiti ya fi kusa da su. Manoma ne masu rufin asiri. Uwar mijin tana kiran Rukayya "ɗiyar masunta" cikin wasa, irin wasan da ba a dariya bayansa. Goggo ta shanye, amma ta aika musu cewa kifin jego nata ne. A danginmu uwa ce ke kai wa maijego kwandon banda, a yi ta yi mata farfesu da yaji har ta gama wanka. Ta ce za su ga kwandon da ba su taɓa gani ba.

Rukayya ta haihu a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko a gulbi tarwaɗar kirki ta yi wuya. Goggo ta zagaya masunta ba ta samu abin cika kwando ba. Firizarta kuwa cike take da taitus da ta saro. A makon ne taransifomar unguwar ta ƙone. Aka ce gobe za a gyara, gobe ta zo aka ce ana jiran wani daga Birnin Kebbi. Shagon Gabriel yana da janareta, amma ya ce shi ma ba shi da wurin ƙara ko katan ɗaya. Goggo ta lulluɓe firizar da buhuna tana jiran wuta.

Ranar da na je, ta riga ta buɗe. Ruwa ya kwanta a ƙasan firizar, kifin ya saki, ya yi ɗumi a hannu. Ba ya wari sosai. Ta fito da tsofaffin gangunanta, ta hura wuta, fuskarta a sake kamar wadda ta warware matsala biyu a lokaci guda: kifi ba zai lalace ba, kwando kuma zai cika.

Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na ce, "Goggo, wannan kifin ya kwana da zafi. Kar a kai wa Rukayya."

"Shina wari?"

"Ba sai ya yi wari ba. Irin wannan in ya mutu ya yi ɗumi, akwai abin da ke taruwa a namansa mai sa mutum rashin lafiya. Wuta ba ta kashe shi. Ko an soya, ko an yi banda, yana nan. Kuma mansa ya yi yawa, ba zai ajiyu kamar tarwaɗa ba."

Ta juya kifi ɗaya a kan raga. Mai yana ɗiga cikin garwashi, wuta na tashi tana lasar hannunta.

"Tun ba a haifi uwarki ba nike banda. Ba abin da hayaƙi bai gyarawa. Ke kin taɓa ganin tekun nan?"

"A'a."

"To ni na ga kihi."

Gaskiya ce, ban taɓa ganin teku ba sai a waya da littafi. Na sake faɗa mata a hankali, na kuma gaya wa babana da na koma gida. Ya ce Tasalla ba ta jin maganar yayanta a kan kifi, balle ta 'yarsa. Na kwana da haushi, ban san wanda zan ji haushinsa ba, ita ko masu wuta ko bakina da ba ya iya ɗaga murya.

Ana gobe sunan jaririn, na koma da hantsi. Kwando ya cika, an jera kifin da kyau, yana sheƙi. Almu mai babur, wanda zai kai ta Maiyama, ya zo ganin girman kayan. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, ta buge hannun.

"Ba ka san ƙa'ida ba? Ni ka fara ci."

Ta ɓare ɗaya ta ci, ta ƙara rabin wani tana kallona. Ta ce yana da ɗan yaji a harshe, alhali ba ta sa barkono ba. Muka zauna. Ba a jima ba ta fara sosa wuya. Fuskarta ta yi zafi, idanunta suka ƙara ja, ta ce kanta na sarawa, ƙirjinta na bugawa. Sai ta tashi da sauri ta zagaya bayan gida. Almu ya kai ta wani ƙaramin asibiti, ni ina bayanta ina riƙe da ita. Aka ba ta magani, zuwa la'asar ƙaiƙayin ya lafa, ta dawo gida a galabaice.

Ta zauna a gaban kwandon. Wata mai tuwo-tuwo ta leƙo ta ce a ba ta da araha, in aka zuba a miya ba mai ganewa. Goggo ba ta ko ɗaga kai ba.

"Raihanatu, ɗauko fartanya."

Muka haƙa rami a bayan garka muka binne shi duka, har da na cikin firiza. Ta tattake ƙasar da ƙafa don kar karnuka su tone.

Abin da ya fi mata ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Ta yafa mayafi ta tafi wurin wata mai banda da suka yi shekaru suna gasa a kasuwa, ta sayi 'yan ƙananan tarwaɗa da ba su rufe gindin kwando ba. Matar ta ƙara mata biyu gyara, Goggo ta karɓa.

Na raka ta sunan. Uwar mijin Rukayya ta ɗaga faifan da aka rufe kwandon da shi, ta leƙa, ta ce, "Ashe gulbin naku ma ya shiga bazara." Mata suka yi dariya. Goggo ta ce, "Ya shiga." Ta wuce ɗaki, ta karɓi jikanta, ta sa aka ɗora tukunya ta yi farfesun da hannunta. Rukayya ta shanye kwano guda tana gumi.

A hanyar dawowa, babur na tsalle a kan ramuka, ta juyo ta ce mini, "Kihin naku ba shi da haƙuri ko kaɗan." Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban so ta faɗa ba.

Har yanzu ba a gyara taransifomar ba. Firizar tana nan a zaure, Goggo na ajiye buhun gero a cikinta saboda ɓeraye. Da safe takan je bakin gulbi ta tsaya tana jiran jiragen masunta, wani lokaci ta dawo da abin da zai rufe rabin raga, wani lokaci ta dawo da daro kawai.