Ramin da Yaya ya tambaye ni

Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu wuri guda, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba. Abin da nake ganin na riƙe shi ne, bayan la'asar ne, a mamak, wato shagon da muke shan shayi a unguwar Pantai Dalam, ana ruwan sama.

Lokacin ina rubuta babi na uku na digirina, kan yadda ƙabilun ƙetaren kogi suka riƙa fasa iyakokin Rumawa a ƙarshen daularsu. Abokan zamana suna kirana Sarkin Ganuwa. Ɗan Kanon cikinmu yakan ce, "Gwamnati ta turo ka Malesiya ka yi gadin katangar da ta rushe tun kafin Annabi. Boleh!" Wato "zai yiwu", da yaren ƙasar.

Sai Yaya ya kira daga gida. Mutanen garinmu sun haƙa rami sun kewaye gari saboda 'yan bindiga, shi ma yana cikin masu gadi. Ya ce, "Kai da ka karanta, Rumawan nan naka, raminsu ya tare musu? In bai tare ba, gobe in kai Inna birni."

Na ce, "Ya danganta, Yaya."

"Ya danganta da uban me?"

A wurinmu 'yan jami'a "ya danganta" amsa ce ta mutunci, da ita ake tsira a gaban malamai. Na fara yi masa bayani: ramuka da hasumiyoyin tsaro sun daɗe suna aiki, tsara bayan tsara, amma duk sanda aka janye sojoji zuwa rikicin sarauta, maharan sukan tsallako, kuma manoman bakin iyaka ake fara ci. Ban san inda layin ya yanke ba. Na duba wayar na ga ni kaɗai nake magana.

A makon aka rufe layukan waya a yankinmu. Direban da na samu ta waya a birni ya ce bai ga Inna a tasha ba, amma ya ce ba kowace mota yake gani ba. Na gama babin, malamina ya yaba da taka-tsantsan ɗina. Har yau lambar Yaya ba ta shiga.

Mu huɗu ne a teburin ranar da Yaya ya kira. Ɗaya yana cewa ya ji na kai ga maganar janye sojoji kafin in cire wayar daga kunne, ɗaya yana cewa a "sun daɗe suna aiki" na tsaya. Na ukun ya koma gida, ba ni da lambarsa. In wannan rubutu ya kai gare shi, ko ga wani da ya zauna kusa da mu, don Allah ya aiko mini da abin da ya ji, ko da ba shi nake so ba.